Teburin Inna Mai Ƙafa Biyu

Tun ranar da ya gyara fankar ofishinsu ta koma juyi da baya, tana zuƙe takardu daga kan tebur tana manna su a silin, aka laƙaba masa Injiniya. Ba'a aka yi masa, amma bawan Allahn nan ya karɓe ta hannu bibbiyu. Ainihin aikinsa buga hatimi ne a gidan waya, shekara ashirin da ɗaya yana dukan ambulan, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ka rantse shi ya ƙera jirgin sama ya ba wasu aro. Ba a kiran mai gyara a gidansa. Shi ya sa famfon banɗakinsu ba ya kawo ruwa sai an buɗe na kicin, ƙofar ɗakin yara kuwa daga waje kawai take buɗuwa.

To, ana nan sai surukarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta zame ta karya ƙugu. Da aka sallamo ta daga asibiti aka kawo ta gidan 'yarta jinya, aka sa mata kujera kusa da taga a falo, nan take wuni. Kofin shayinta da kwalaben magani da 'yar rediyonta duk a ƙasa ake ajiye su, ita kuwa likita ya hana ta sunkuyawa. Ko ruwa za ta sha sai ta kira mutum, kuma Inna mace ce da ta tsani roƙo.

Ranar nan ta sa 'yarta ta jawo wani katako daga ƙarƙashin gado. Maɗaci ne, ya yi duhu don tsufa, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Saman teburin yankan marigayi mijinta ne, tela, kuma shi kaɗai ya rage daga shagon. A gefe ɗaya akwai tsage-tsagen da ya yi da bakin almakashi: kwata, rabin yadi, yadi. Da wannan gefen ya auna duk yadin da ya ciyar da iyalinsa shekara arba'in.

Inna ta shafa wurin ta ce wa 'yarta, "Ki kai wa Kafinta ya yi min ɗan teburi da shi. Ya yanka duk inda ya ga dama, amma gefen nan mai tsaga kada ƙarfe ya taɓa shi. Hannun babanku ne a wurin."

Injiniya na bakin ƙofa yana cire takalmi, ranar ya fara hutun shekara na mako uku. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Kafinta? Ina raye, Inna? Ai sai a yi min dariya a layin nan."

Uwargida ta ce, "Baban yara, don girman Allah ka bari."

"Ke dai ba ki san abin da na sayo ba."

Ya shiga ɗaki ya fito rungume da wani inji da ya tsinto a gwanjo, irin wanda kafintoci ke kira rauta. Ɗan dunƙulallen abu ne mai mariƙi biyu, da wani ɗan baki na ƙarfe a ƙasa da ke juyawa yana sassaƙe gefen katako ya fitar da ado. Ya ce ya koyi aikinsa kaf a waya. Gaskiyar magana, bidiyon minti ashirin ne, ya kalli uku data ta ƙare.

Inna dai ba ta jayayya da suruki. Ta dube shi, ta dubi katakon, ta ce, "Gefen nan dai."

"Inna, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba. Gobe kafin la'asar kina shan shayi a kan teburin da babu irinsa a garin nan."

Washegari da safe, maimakon ya yi aikinsa a tsakar gida inda ba mai gani, sai ya fito da kaya ƙofar gida. Aikin da ba a gani ba ai ba a yi shi ba, in ji shi. Ya aro bencin Mai Aski da shagonsa ke kallon gidansu, ya ɗora katakon, ya jawo wayar wuta tun daga falo ta taga. Ya saƙala fensir a kunne, ya sa tabarau na masu walda, wanda ko tafin hannunsa ba ya gani sosai a ciki. Kafin ya gama yanke ƙafafu huɗu da zarto, waɗanda babu biyu da suka zo tsawo ɗaya, mutane sun fara taruwa.

Kafinta, wani dattijo marar yawan magana da shagonsa ke ƙarshen layi, ya zo wucewa ya ja ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa, ya girgiza kai.

"Maɗaci ne wannan, kuma ya bushe ƙayau. Abu uku zan gaya maka. Ka ɗaure shi da ƙarfen matsi. Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada ka saki bakin injin duka. Sannan kada ka bi shi ta inda yake son tafiya, ka tura shi ta inda yake ƙi."

Injiniya ya ɗaga tabarau ya yi dariya. "Baba Kafinta, wa ya taɓa tura mota ta inda take ƙi? Ku na da, komai sai kun wahalar da kanku."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne."

"Babban sani kuma kishi yake jawowa. Ka samu wuri ka zauna, yau karatu kyauta ne."

Kafinta ya samu dakali ya zauna, daidai inda wayar injin ta haɗu da wadda aka jawo daga falo.

"Ƙarfen matsi kuma na rago ne," in ji Injiniya. "Mahauci! Zo ka zauna min a nan."

Mahauci mutum ne da in ya hau babur sai tayar baya ta yi kuka. Ya zo yana murmushi ya haye katakon ya baje, bencin ya yi ƙara. Injiniya ya saki bakin injin har ƙarshe, ya manna shi a gefen da ba tsaga, ya ce wa jama'a su lura da hannunsa, ya danna.

Wayyo! Ƙarar da abin nan ya yi, tantabarun layin gaba ɗaya suka tashi. Injin ya cafki katako ya zabura ta inda yake so, Injiniya na riƙe da shi yana binsa da gudu yana cewa, "Tsaya! Tsaya mana!" Ya yage gefen katakon a karkace, ya gatsa kusurwa, ya kama gefen rigar Mahauci ya naɗe ya tofar da zare. Mahauci ya yi tsallen da bai yi ba tun yana saurayi, ya dira a tsakiyar titi da rabin riga.

"Kashe ni za ka yi? Ni da nake yanka, yau ni za a yanka?"

Injiniya ya lalubo makunni ya kashe, yana haki. Garin katako ya rufe masa gashin baki.

"Gwaji ne. Duk ƙwararre sai ya fara gwada ƙarfin inji."

Mai Aski ya ce, "To ya ci jarrabawa ko kai ka ci?"

Aka kwashe da dariya. Injiniya ya ce ai abu mai sauƙi ne, a yanke wurin da ya ɓaci a daidaita. Ya ɗauki zarto ya cire faɗin tafin hannu guda daga katakon, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ƙyar aka lallaso Mahauci ya dawo, bayan ya cusa sauran rigarsa cikin wando.

Karo na biyu Injiniya ya ce ya gano halin injin, gudu ne da shi, don haka ba zai bar shi ya motsa ba sam. Ya danne shi wuri ɗaya da dukkan ƙarfinsa, ya haɗa da ciki. Bakin ƙarfen ya yi ta juyi a wuri guda. Katako ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, ƙauri ya cika layi. Wata maƙwabciya ta fito da bokiti tana salati, ba ta tambayi kowa ba ta sheƙa ruwan, rabi a katako rabi a Mahauci.

Daga cikin falo aka ji muryar Inna. "Me ke ƙonewa ne?"

Uwargida ta leƙo ta taga, ta ga abin da ta gani, ta juya ta ce, "Shara ake ƙonawa, Inna."

Injiniya ya ce, "Ado ne! Ƙuna ake yayi yanzu." Amma da ya taɓa wurin ya ga gawayi na zubowa, sai ya sake ɗaukar zarto. Wani tafin hannun ya tafi.

Aka zo huda ramukan da ƙafafu za su shiga. Nan ma bai rage zurfin bakin ba. Ya ɗora, ya danna, injin ya huda katakon ya fita ta ƙasa, ya shiga bencin Mai Aski, ya ci gaba da tafiya a ciki kamar gara. Rami na farko kenan. Bai lura ba sai da ya yi shida, don kowanne in ya huda sai ya ga bai yi daidai da ɗan'uwansa ba.

Mai Aski ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin bencinsa, ya hango sama ta ciki. Ya ɗora hannu a ka.

"Bencin da mutane ke zama su jira aski! Yanzu a kan rariya za su zauna?"

"Iska za ta riƙa shiga. Sai ka gode min lokacin zafi."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Injiniya!"

"Ai ba a biyan mai fasaha sai da baƙar magana, na sani."

Ramukan sun bi gefe sun yi layi a karkace, don haka aka sake komawa ga zarto. Wannan karon da ya gama, Mahauci ya zagaya katakon ya dawo ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ni fa ban ga inda zan zauna ba."

Gaskiya ya faɗa. Katakon da mutum biyu ke ɗagawa da safe ya koma tsawon yadi ɗaya, faɗin taƙi guda. Tsawon bai ragu ƙasa da haka ba ne don awon yadin ya fara a wannan ƙarshen, ya ƙare a wancan, babu sauran inda za a ci. Garin neman gira ana shirin rasa ido.

Uwargida ta fito da mayafi, ta ratsa mutane, ta tsaya kusa da shi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata shi.

"Baban yara, ka ji tsoron Allah. Dubi abin da ya rage tsakaninka da gefen Baba. In wurin nan ya tafi, ba ni da abin da zan gaya mata, kuma ba ni da wani abu nasa da zan nuna wa 'ya'yana."

Injiniya ya dubi tsage-tsagen. Wallahi a wannan lokacin ya so ya tattara guntayen ya kai gaban Kafinta ya ce a rufa masa asiri. Ya ɗaga kai, ya ga idanu sun fi hamsin a kansa, har da masu leƙe ta saman katanga. Sai bakinsa ya riga shi.

"Ke koma ciki. Siriri ake yi yanzu, ba ya cin wuri."

Ya ɗauki injin ya danna, ya nufi ɗan abin da ya rage. Uwargida ta rufe ido. Sai injin ya yi wani gurnani ya mutu. An ɗauke wuta.

A ransa Injiniya ya yi hamdala ta fi sau goma. A fili kuwa ya buga ƙafa ya ce, "Kun gani ko? Haka ake kashe masu basira a ƙasa! Saura ado ɗaya na gama." Ya ajiye injin a gefe, bai tuna ya mayar da makunnin ba.

Ya ɗauki guduma ya hau sa ƙafafu. Ramuka biyu ne kawai suka tsira daga zarto, ɗaya a kowane ƙarshe, kuma ko da akwai huɗu faɗin ba zai ɗauke su ba. Ya zaɓi ƙafafu biyu da suka fi kama da juna ya buga su, ya jingina abin da bango, gefen tsaga na kallon titi. Ya ja baya ya karkata kai yana kallo.

Ana cikin haka Inna ta aiko cewa ita fa ta gaji da jin labari ta taga, a fito da ita. Babu yadda aka iya. Mahauci da Mai Aski suka ɗauko ta da kujerarta suka ajiye a ƙofar gida, Uwargida na biye da kofin shayi da rediyo.

Inna ta daɗe tana kallon abin da ke jingine da bango.

"Sauran katakon fa?"

"Ya tafi a gyara, Inna."

"Ƙafa nawa gare shi? Idona ba ya gani sosai."

"Biyu ne, Inna. Sabon salo. Ai mu ma ƙafa biyu gare mu, ga mu tsaye, ba mu faɗi ba."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka zungure shi. Injiniya ya karɓi kofin ya ɗora a hankali, ya ɗora rediyo. Abin ya yi rawa amma bai faɗi ba. Da ya ga haka sai kansa ya sake kumbura.

"Kun gani? Ba shayi ba, ko injin nan mai nauyi zai ɗauka!"

Ya sunkuya ya ɗauko injin, ya zura bakinsa a wani ɗan gurbi da ya rage a ƙarshen katakon, ya zaunar da shi daram. Ya saki hannu, ya buɗe su biyu yana fuskantar jama'a kamar mai jiran tafi.

Can ƙarshen layi aka ji ihu, "An kawo wuta!"

Injin ya farka da kururuwa. Babu mai riƙe da shi, babu mai ba shi shawara, ya kama hanya shi kaɗai daga wannan ƙarshen katakon ya nufi wancan. Kofin shayi ya tashi sama ya sauka a kan Mai Aski. Rediyo ta faɗa kwata. Ƙafafun nan biyu kowacce ta kama gabanta, ɗaya ta sami Mahauci a ƙauri. Injin ya kai ƙarshe ya faɗo ƙasa yana katantanwa, wayarsa ta naɗe ƙafafun Injiniya, ya yi taga-taga ya zauna daɓas cikin bokitin maƙwabciya, ya cushe a ciki. Jama'a suka watse, wasu har da barin takalmi.

Kafinta ya miƙa hannu daga inda yake zaune tun safe, ya zare wayar. Shiru ya sauka. Rediyo kaɗai ke magana daga cikin kwata, tana cewa gobe za a yi rana.

A gaban kujerar Inna wani siririn katako ya faɗi, tsawon yadi ɗaya, faɗin yatsa biyu. Uwargida ta durƙusa ta ɗauka, ta miƙa wa uwarta. Inna ta ɗora shi a cinya ta bi gefensa da babban yatsa, tana tsayawa a kowace tsaga. Kwata. Rabi. Har ta kai yadi. Babu wadda ta ɓata. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, ta ce, "Allah ya jiƙanka, Malam." Uwargida ma ta juya baya tana goge ido da mayafi.

Kafinta ya taso ya roƙi a ba shi ya gani. Ya rufe ido ɗaya ya auna yankan tun daga farko har ƙarshe, ya jinjina kai.

"Wallahi ko ni sai haka. Yau tun safe wannan ne yanka ɗaya da ya miƙe, kuma shi ne wanda ba ka sa hannu ba."

Dariyar da aka yi, har waɗanda suka gudu sai da suka dawo don su yi tasu. Injiniya na cikin bokiti, tabarau a wuya, ya buɗe baki ya ce ai dama haka ya tsara, amma ba wanda ya ji shi.

Kafinta ya tattara guntayen ya ce zai iya haɗa su da gam ya fitar da ɗan teburi, sai dai maɗaci ba ya son gaggawa, kuma akwai aikin mutane a gabansa. A ba shi mako uku.

"Mako uku," in ji Inna. Ta share ido, ta juya ta dubi surukinta, wanda Mahauci ke ƙoƙarin zare wa bokiti. "Hutunka mako nawa ne ma?"

"Uku, Inna."

"Madalla. Kai ka ce mai ƙafa biyu ma yana tsayuwa."

Tun daga washegari, duk wanda ya wuce ta tagar falon zai ga Inna a kujerarta, sandar awon mijinta a cinya. A gefenta na dama Injiniya ne tsaye, riƙe da tire mai ɗauke da kofin shayi da kwalaben magani da rediyon da aka shanya ta bushe. In tiren ya karkata, sai ta ɗan taɓa masa gwiwar hannu da sandar, ya daidaita. Ba ta ƙara kiran kowa don ruwa ba.

A rana ta uku Mai Aski ya leƙo ta taga, ya yi wa Inna sannu da jiki, sannan ya ce, "Injiniya, yaya aiki?"

Injiniya ya gyara tsayuwa ya ɗaga haɓa. "Kai dai faɗi gaskiya, duk garin nan ka taɓa ganin teburin da ake ce masa matso ya matso? A ce ɗaga sama ya ɗaga? Wannan fasahar ko Kafinta..."

Sandar ta sauka a gwiwar hannunsa, ƙwas.

"Teburi ba ya magana," in ji Inna. "Matso da shayin."